Ankon Baƙar Uwa da Ɗanta

Na daɗe a gidan miji ban haihu ba, kuma duk tsawon shekarun nan ba ni na fi shan wahala ba, mahaifiyata ce. Ni dai in abin ya ishe ni sai in yi kukana in wanke fuska in tafi aiki. Ita kuwa Inna duk bikin da ya haɗa ta da dangin mijina sai ta dawo tana huci, ta cire mayafi ta wurgar, ta zauna tana lissafa min wadda ta kalle ta a kaikaice da wadda ta taɓe baki. Babu wanda ya taɓa gaya mata baƙar magana a fuska, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, don da an gaya mata da ta samu inda za ta sauke abin da ke cikinta.

Inna mutuniyar Bida ce, gajera, baƙa wuluk, da tsage a kumatu, muryarta kuwa in tana magana a tsakar gida sai mai shagon bakin titi ya ba ka labarin abin da ta ce. A unguwar Tunga ta Minna ta yi aure, a Tunga mahaifinmu ya rasu ya bar ta da mu, da awon shinkafa a Kasuwar Kure ta rene mu. Surukata kuma, wadda kowa ke kira Hajiya, fara ce doguwa, tana koyar da matan aure a Islamiyya, kuma ba ta ɗaga murya ko gobara ake yi. Kakanta daga Kano ya zo aikin jirgin ƙasa ya zauna a Minna, kuma da wuya ka yi hira da ita ba ta shigo da jirgin nan ba. Ba ta taɓa zagin Inna ba. Hausa kawai take gyara mata a gaban mutane, a hankali, tana murmushi, don Inna har gobe ba ta raba namiji da mace in tana Hausa. Wallahi ni kaina da zagin ta yi da ya fi min sauƙi.

Da Allah ya kawo haihuwar, namiji, aka dawo da ni gidanmu wankan jego. Tun ina kwance ban gama dawowa hayyacina ba Inna ta tsaya a kaina ta ce min da Nufanci, ranar sunan nan dangin mijina za su san muna da dangi. Za ta cika gidan nan da matan Bida, dukkansu cikin anko iri ɗaya, Hajiya ta shigo ta rasa inda za ta ajiye idonta. Na ce, “Inna, a bar ni in yi barci.” Ta ce in yi barcina, wannan ba yaƙina ba ne.

Washegari ta shiga kasuwa neman atamfa, ba ta dawo ba sai da rana ta karkata, Keke Napep cike da turame, ita kanta a gefen direba ta maƙale. Ta shigo ɗakina ta warware turmi ɗaya a kan gado kamar wadda ta ciyo gasa.

Atamfar shuɗiya ce mai duhu, da ratsin ruwan gwal. A tsakiyar kowane yadi akwai hoton wata mata baƙa, doguwar fuska, ta lulluɓe kanta da mayafi, tana riƙe da yaro a hannun hagu, shi ma baƙi. Ba ta murmushi, kallon mutum kawai take yi kamar wadda ta ga abubuwa da yawa. A bayan kanta da na yaron akwai wani faifai mai ruwan gwal, a kumatunta na dama kuma ga zane biyu dogaye.

“Duba nan,” in ji Inna, tana dangwala yatsa. “Uwa da ɗa. An taɓa yin atamfar suna da ta wuce wannan? Ga tsagenta, ’yar gida ce. Ga tiren tagulla a bayanta irin na Bida. Yaron ma dubi, littafi ne a hannunsa, malami zai zama.”

Na ce ai tsagen a kumatu ɗaya ne kawai. Ta ce na ɗaya ɓangaren inuwa ce ta rufe shi, in daina neman aibu a abin da ba shi da aibu. Sannan ta shafa fuskar matar, ta ce tun da take sayen atamfa ba ta taɓa ganin an buga mace mai kalarta an yi mata ado irin na sarauta ba. Na ji maganar har cikin raina, don ni ma kalar tata na ɗauko.

Ta ba ni labarin yadda suka kwashe da mai shagon. Wai da ta nuna atamfar sai ya ce, “Mama, wannan na ’yan coci ne fa.” Ita a tunaninta cewa yake wasu sun riga sun kama kayan, ya ajiye musu. Ta ce masa su ’yan cocin kai biyu gare su? Wanda ya riga zuwa shi ke da kaya. Ya sake buɗe baki, ta ce in ba zai sayar ba ya faɗa, ta tara masa mutane su ji dalili. Bawan Allah ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ɗaure mata kaya ya kira mata keke.

Kada a ce ba mu san komai game da Kiristoci ba. Katanga ɗaya muka haɗa da wata dattijuwa ’yar Katolika, Gwari ce, muna kiranta Maman Beji saboda can ne garinsu. Ita ta yi mana kitso muna yara, Inna kuma ba ta taɓa yin Sallah ba ta miƙa mata tuwo ta saman katanga ba. A falonta akwai hoton Nana Maryam, mun sha ganinsa: Baturiya fara sol, shuɗin ido, ta haɗe tafin hannu tana kallon sama. Wannan muka sani, wannan kaɗai. Ko a mafarki ba za mu haɗa ta da baƙar mata mai tsage ba. Maman Beji kuwa da za ta faɗa mana, a makon nan tana can ƙauye ana haƙar doya a gonarta.

Tela ya yi aiki kamar zai mutu. Shi ma ya yaba atamfar, ya yi ƙoƙari ya daidaita hoton a ƙirjin kowace riga, wani a baya, zani kuma duk inda ya faɗa. Aka aika wa na Bida nasu suka ɗinka a can.

Ranar suna da hantsi, maza suna can gidan su mijina an raɗa suna ana fama da rago, motar Bida ta sauke mana dangi a bakin titi. Suka jero cikin unguwa, gwaggona babba a gaba, mace ce mai jiki, hoto uku ne ya samu wuri a zaninta. Suka shigo da guɗa suna ba da labarin irin karɓar da Tunga ta yi musu. Wai mai kemis ɗin kwanar titi ya fito ya cire hula. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu. Wata mai gasa masara ta ɗaga musu hannu biyu tana cewa Allah ya ƙara kawo irinsu. Gwaggo ta ce ita ba ta san mutanen Minna suna da tarbiyya haka ba. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai kaya ne, kaya mai kyau shi ke sa a gaishe ka.

Ina zaune a bakin taga da jariri ina kallon tsakar gida. Gaskiya abin ya yi kyau. Duk inda ka juya shuɗi da ruwan gwal, masu tuƙa tuwo, masu yanka alayyafo, masu jera kujeru, kowace da baƙar uwa da ɗanta a ƙirji. Inna tana yawo a tsakaninsu tana ba da umarni, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Hajiya da mutanenta kawai ake jira, sun ce sai bayan azahar.

Ana cikin haka Maman Beji ta yi sallama, daga tasha take, ko gidanta ba ta shiga ba, da ƙullin doya a kafaɗa ta kawo wa mai jego. Ta sako ƙafa ɗaya cikin gida ta tsaya cak. Ta kalli dama, ta kalli hagu. Doyar ta zame ta faɗi ƙasa. Sai kawai muka ga dattijuwa ta durƙusa a kan gwiwoyinta a tsakiyar hajiyoyi, ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba, ta kama waƙar coci da Gwaranci.

Mata suka yi cirko-cirko. Gwaggo ta ce a kawo ruwa, rana ce ta buge ta. Inna ta ruga ta kama ta tana cewa, “Lafiya? Wa ya mutu a Beji?”

“Shekara da shekaru ina yi muku addu’a,” in ji Maman Beji, tana shafa rigar Inna, “amma ban taɓa zaton gaba ɗayanku za ku zo rana ɗaya ba. Har da na Bida!”

“Mu zo ina?”

“Wurin Uwarmu mana. Ga ta nan kun sa ta a ƙirji.”

“Uwar wa?”

“Maryamu, uwar Yesu. Ga shi nan a hannunta.”

 Inna ta yi wata ’yar dariya ta ce Maman Beji ta tsufa, ido ya fara tafiya. Ai ta san Maryamun tasu, Baturiya ce, tana nan rataye a falonta kusa da agogo. Maman Beji ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, jikinta ya fara ba ta cewa ba abin da ta zata ba ne. Ta ce waccan ma ita ce, wannan ma ita ce. Akwai ƙasashe da dama, har na Turawa, da hotonta baƙi ne, mutane suna tafiya mai nisa don su gan shi. Wasu sun ce hayaƙin kyandir ne ya rine shi saboda daɗewa, wasu sun ce haka aka zana ta tun farko, ita dai ba ta sani ba. Matan cocinsu ne suke ɗinka wannan atamfar in za su yi taro.

“To tiren tagullan fa?” in ji Inna, muryarta ta fara sauka.

“Haske ne na tsarki.”

“Tsagen fa?”

“Ba tsage ba ne. An ce wasu maƙiya ne suka sari hoton da takobi tun zamanin da.”

Sai gida ya kaure da salati. Kowa ya san darajar Nana Maryam da Annabi Isa a wurinmu, ga shi mun yanka su da almakashi mun ɗinka, muna tuƙa tuwo a cikinsu. Gwaggo, wadda tun isowarta take zaune daram a kan turmin daka, ta tuna inda tela ya ajiye mata hoto na uku. Ta zabura ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta tsaya ta buɗe hannuwa, ta kasa zama ta kasa tafiya, tana ta neman gafara. Wata ta ce ita a cikin kayan ta yi sallar asuba kafin su taso, ko sai ta rama? Wata ta ce a juya zanin ciki ya koma waje. Aka juya, ai atamfa ce mai kyau, matar tana nan tana kallonmu ta baya ma. Wata ta ce a tara a ƙona, Gwaggo ta daka mata tsawa ta ce uwar Annabi za ki cinna wa wuta, ke da wa za ku tsaya ranar lahira? To a zubar a bola? Wannan ma ya fi muni. Ba a sawa, ba a ƙonawa, ba a yarwa, ba a yin tsumma da shi. Ni da ɗinkin haihuwa a jikina ina dariya ina riƙe ciki ina cewa wayyo, ku bari.

Maman Beji ce ta raba gardama. Ta ce a tuɓe a ba ta, matan cocinsu za su karɓa da murna. Ta shiga gidanta ta kwaso duk zannuwan da ke akwatinta, aka buɗe na Inna da nawa, kowa ta ɗauki abin da ya shige ta. Kafin azahar rundunar Inna ta koma kamar ’yan gudun hijira, wannan riga ja zani kore, waccan rigar ta matse ta har ba ta iya ɗaga hannu. Maman Beji tana gefe tana ninke ankon ɗaya bayan ɗaya a cikin babban baho, tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, ina jin haƙuri take ba Maryamun tasu.

Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado cikin wata tsohuwar atamfa da take zuwa kasuwa da ita.  Tausayinta ya kama ni, na daina dariya. Shekaru tana jiran ranar nan, ga ranar ta zo ta same ta a haka. Na ce mata ta gode wa Allah da abin ya fito kafin su Hajiya su iso, da a gabansu ne fa?

Sai na ga ta ɗago kai a hankali.

“Na aika mata turmi ɗaya,” ta ce. “Ta hannun mijinki.”

“Inna!”

“Ba za ta sa ba. Yaushe ta taɓa sa abin da ya fito daga hannuna? Mayafin da na ba ta lokacin bikinku a kan mai yi mata wanke-wanke na gan shi. Don kada a ce ban aika ba ne kawai.”

Na jawo waya na kira mijina, tana ta ƙara bai ɗauka ba, yana can cikin hayaniyar nama. Ina shirin sake kira muka ji kekuna sun tsaya a ƙofar gida, muka ji sallama.

’Yan rakiyarta ne suka fara shigowa, kowace cikin leshinta. Sannan Hajiya ta shigo, malamar Islamiyya, jikar mutumin jirgin ƙasa, tun daga ɗankwali har zani cikin ankon Inna. Ɗinkin ya zauna mata ɗas, telanta ya fi namu iya aiki, hoton ya daidaita a ƙirjinta ko karkacewa bai yi ba. A haka ta ratso Tunga.

Babu wanda ya amsa sallamar da ƙarfi. Gwaggo ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wata ƙanwar Inna ta matso bakin taga ta raɗa mana da Nufanci cewa yau Allah ya kawo mana ita har gida, a bar malama ta yi mana fassarar abin da ta sa. Hajiya ta tsaya a tsakar gida tana duban mata ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu mai irin kayanta ko mutum ɗaya. Na ga murmushinta ya ɗauke, ta ja mayafinta ta ƙara rufe kafaɗa. A fili yake abin da ta ɗauka: an aika mata anko, ta sauke girman kai ta sa, mu kuma mun haɗa baki mun canza don a bar ta ita kaɗai a yi mata dariya.

Inna tana tsaye a bakin ƙofar ɗakina. Magana ɗaya ce tsakaninta da ramuwar duk shekarun nan, kuma ga shaidu cike da gida, nata da na Hajiya. Na ga ta ja numfashi, na ga bakinta ya buɗe, na runtse ido don na san muryar da za ta fito.

Da na buɗe ido sai na gan ta a wurin bahon Maman Beji. Ta zaro zani ɗaya ta ɗaura a kan tsohuwar atamfarta, ta zaro ɗankwali ta kafa, ta juya kan danginta ta balbale su da faɗa da Hausa don kowa ya ji, wai ɗan zafin murhu kaɗan duk sun tuɓe anko, ba su da juriya ko ta sisin kwabo. Sannan ta je ta kama hannun Hajiya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. Zo ki ga angonki, tun safe yake tambayarki.” Ta jawo ta ɗakina ta tura ƙofa.

A nan ta gaya mata komai, tun daga mai shago har durƙuson Maman Beji, ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba. Ta ce laifinta ne, ita ta saya, ita ta aika, in za a yi dariya a yi da ita. Hajiya ta yi salati mai tsawo, ta sake yin wani. Ta sunkuyar da kai tana kallon hoton da ke ƙirjinta.

“Nana Maryam,” ta ce a hankali. “Ikon Allah. Ni wallahi na zaci ke ce.”

Inna ta ce, “Ni?”

“Ke mana. Da yaron nan ya kawo min na buɗe, na ga baƙar mata da tsage ta rungume jariri, na ce shi ke nan, matar nan ta kai hotonta kamfani an buga mata ita da jikanta. Har na ce kai, wannan da rigima take, ji yadda ta sa aka ƙara mata tsawon fuska, aka zagaye mata kai da gwal.” Ta ɗan yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. “Na ajiye shi a kan gado ina kallo. Sai na ce a raina, duk shekarun nan da muke jira, ni a gida nake zaune ina jira, ita ce take bin asibiti da yarinyar nan, ita ce take shan kallon mutane. In ta buga fuskarta a atamfa ta isa ne. Na kira tela na ce ya sa min ita a gaba inda kowa zai gani.”

Inna ta zauna a bakin gado.  Sai ta ja gefen ɗankwalin ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Ni ma ina rungume da ɗana hawaye suna ɗiga a kan zanin goyonsa.

“To ya isa,” in ji Hajiya, tana kwance ɗaurin kanta. “Ki tashi ki nemo min abin da zan sa, kuma ki share fuskarki, kada mutanenki su ce dukanki na shigo na yi.”

Inna ta tashi ta buɗe akwatinta. An riga an kwashe komai, saura zani ɗaya a can ƙasa, wanda mahaifinmu ya saya mata, ba ta taɓa bari kowa ya taɓa shi ba. Ta ciro shi ta warware, ta tsaya a bayan Hajiya tana taya ta ɗaurawa.